Jeli ya ƙi daskarewa: ina matsalar take, kuma da me ake yin sa?

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata a kan jeli ce, abin zaƙin nan mai launi da ke rawa a faranti, wanda ake sayar da garinsa a kwali. An haɗa kwali ɗaya mai giram 85 na ɗanɗanon lemo, an zuba masa yankakkiyar abarba da gwanda, ya kwana a firij, kuma ba a ɗauke wuta ba. Da safe ruwa tsululu, ko alamar kama jiki babu. Me ya jawo haka? Sannan da me ake yin garin nan, don ana ta cewa akwai alade a ciki? A ina ma aka samo shi? Na ƙarshe, ana iya yin sa don walimar suna a wannan zafin ba tare da ya narke a kan tebur ba?

Hajiya Mai Kek, Malali

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Firij ɗinki ba shi da laifi, garin ma ba shi da laifi. Abarba da gwandar nan su suka kashe miki jeli.

Abin da ke daskarar da jeli sunansa jelatin, kuma furotin ne. Ɗanyar abarba da ɗanyar gwanda suna ɗauke da sinadarin da ke yayyanka furotin: na abarba ana kiransa buromelin, na gwanda kuma fafen. Shi ne dalilin da ya sa ake naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda ya yi laushi. To abin da yake yi wa nama shi ya yi wa jelinki, ya tsittsinka zaren da ya kamata ya sarƙe ya riƙe ruwa. Ko kwana uku zai yi a firij ba zai kama ba. Ɗanyar citta da ɓaure da kiwi duk halinsu ɗaya. Maganinsa wuta: ki yanka abarbar, ki tafasa ta minti 5 da ɗan ruwa da sukari, ta huce, sannan ki zuba. Abarbar gwangwani ba ta da wannan matsala domin an riga an dafa ta. Gwanda kam dafa ta ɓata ta ne, gara ki ɗora ta a sama lokacin da za a ci. Ayaba, tuffa, inabi da ɓararren lemon zaƙi ba sa hana shi kamawa. Kankana ma ba ta hanawa, sai dai tana tsatso ruwa in ya kwana.

Ga yadda ake haɗa kwali mai giram 85. Ruwa gaba ɗaya rabin lita ne, wato kofi 2 na awo, kofi ɗaya mililita 250. Ki juye garin a kwano, ki zuba tafasasshen ruwa kofi 1, ki yi ta juyawa minti 2 cur. Kada ki yi ha'inci a nan. Ki ɗebo a cokali ki duba a haske, in kin ga ƙwayoyi kamar yashi to bai narke ba, kuma su ne za su kwanta a ƙasa su zama fata mai tauri, sama kuma ya yi ruwa-ruwa. Bayan ya narke sai ki ƙara ruwan sanyi kofi 1, ki zuba a mazubi, ki rufe, ya yi awa 4 a firij. In babban kwano ne mai zurfi, ki ba shi awa 6 ko ya kwana. Wanda ke zuwa a curi kamar alawar roba, mai giram 135, shi mililita 570 yake ɗauka: a narkar da shi a rabin ruwan da zafinsa, a cike da na sanyi.

In so kike ki kife shi a faranti ya tsaya da siffar mazubin, ki rage ruwan sanyin zuwa kashi uku cikin huɗu na kofi. Lokacin fitarwa ki jiƙa yatsa ki ɗan janye gefensa daga jikin mazubi, ki tsoma gindin mazubin a ruwan ɗumi daƙiƙa 10 zuwa 15, ki yayyafa wa farantin ruwa, sannan ki kife. Jiƙa farantin yana ba ki damar tura jelin zuwa tsakiya in ya faɗo a karkace. Busasshen faranti kuwa inda ya sauka nan ya zauna.

'Ya'yan itace kuma ba a zuba su da wuri. In kin zuba yana ruwa, ayaba da tuffa za su taso sama, inabi ya nutse. Ki bari ya yi kamar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a firij, ya yi kauri kamar ɗanyen farin ƙwai, sannan ki zuba ki juya sau ɗaya. Kowane yanki zai tsaya a inda kika bar shi.

Abu biyu da ba a yi. Ba a ɗora jeli a wuta ya yi ta tafarfasa, doguwar tafasa tana raunana jelatin. Ba a kuma sa shi a firiza har ya yi ƙanƙara, don in ya saki zai fito kamar soso yana zubar da ruwa. In sauri kike, ki maye gurbin rabin ruwan sanyin da ƙanƙara, ki juya har ya fara kauri, ki tsame abin da bai narke ba. Wannan yana kamawa cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Malam Na Zango, Tudun Wada

Hajiya ta gama da ɓangaren kicin. Bari in ɗauki maganar asali, domin ita ce za ta amsa tambayar alade.

Duk wanda ya taɓa barin farfesun ƙafar sa ya kwana a lokacin hunturu ya san jelatin, ko da bai san sunansa ba. Da safe ka buɗe tukunya ka tarar romon ya daskare yana rawa, ka sa cokali ya yanku, ka ɗora a wuta ya koma ruwa. Wannan shi ne jelatin. A cikin fata da jijiya da guringuntsi da ƙashi akwai wani furotin mai suna kolajin. In ya daɗe yana dahuwa a ruwa sai ya warware ya zama jelatin, in ya huce kuma zarensa ya sake sarƙewa ya kama ruwan. Danƙon da ake ji a leɓe bayan cin ganda shi ne. Garin kwali ba wani abu ba ne illa wannan, an tace shi, an busar, an niƙa, aka haɗa da sukari da ɗan tsami da launi da ƙamshi. Sukarin ma shi ne sama da kashi 80 cikin 100 na nauyin kwalin, don haka kada wani ya ɗauke shi abincin gina jiki.

Tsohon abu ne. Wani littafin girki na Bagadaza na ƙarni na 10 ya kawo yadda ake dafa kawunan kifi a bar romon ya daskare. A Turai kuwa ɗaruruwan shekaru abincin fada ne da gidajen attajirai, saboda wahalarsa: a wuni ana dafa ƙafar maraƙi, a tace, a kwashe kitse, a wanke romon da farin ƙwai har ya yi garau, sannan a nemi wuri mai sanyi. Sai mai barori. A 1679 wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙera tukunya mai kulle tururi da ke laushe ƙashi ta fitar da romonsa, ita ce kakar tukunyar firesha ta yau.

Na kwali ɗan Amurka ne. A 1845 Peter Cooper ya yi rajistar haƙƙin mallakar garin jelatin na abin zaƙi, amma bai mayar da hankali ga sayar da shi ba. A 1897, a wani ƙaramin gari mai suna LeRoy a jihar New York, wani kafinta mai haɗa maganin tari, Pearle Wait, ya zuba wa garin ɗanɗanon 'ya'yan itace iri huɗu, ciki har da lemon zaƙi da lemon tsami da sitiroberi. Matarsa May ce ta raɗa masa suna Jell-O. Kasuwa ta ƙi shi, sai a 1899 ya sayar wa wani ɗan garinsu, Orator Woodward, a kan dala 450. Shi ma da farko bai ga riba ba. Abin da ya tashe shi talla ce: daga 1902 kamfaninsa ya shiga tallata shi a mujallar mata, daga baya ya baza 'yan talla gida-gida suna raba ƙananan littattafan girki kyauta, don mata su san yadda ake sarrafa shi kafin su je kanti su tambaya. A 1925 kamfanin ya haɗe da kamfanin abinci na Postum, wanda daga baya ya zama General Foods. Tun a shekarun 1890 kuma wani Ba'amurke, Charles Knox, ya fito da garin jelatin zalla marar ɗanɗano, kuma bayan rasuwarsa a 1908 matarsa Rose ce ta ci gaba da kamfanin.

Firij ne ya ƙarasa aikin. Da ya shiga gidajen Amurka, kawo jeli wurin taro ya zama wata hanyar nuna cewa gidanku akwai firij. A shekarun 1950 da 1960 abin har ya wuce gona da iri, suna daskarar da kabeji da karas da kifi da kaza a cikinsa, aka ma yi mai ɗanɗanon tumatir. Wannan kam Allah ya raba mu. A 2001 jihar Utah ta ayyana Jell-O a matsayin abin ƙwalamar jiha.

Yanzu batun alade. Ba jita-jita ba ce. Babban kaso na jelatin da masana'antun duniya ke yi daga fatar alade ne, sauran daga fata da ƙashin shanu, kaɗan daga fatar kifi. In kwali ya rubuta gelatin kawai bai faɗi dabba ba, ba ki da hanyar sani. Malamai sun yi saɓani: wasu na ganin sarrafawar ta canza abin daga asalinsa, wasu na ganin canjin bai cika ba, kuma ko na saniya ne sai an yi mata yankan Musulunci. Ba sai kin shiga saɓanin ba tunda mafita a buɗe take. Ki juya kwalin ki karanta. Ki nemi wanda aka rubuta beef ko bovine tare da tambarin halal, ko fish, ko wanda aka ce na tsirrai ne, da za ki ga agar ko carrageenan a jerin kayan haɗinsa, ko lambobin E406 da E407. Porcine na nufin alade.

Mai son fita daga shakka gaba ɗaya yana iya yin na gargajiya. Ƙafar sa 2 daga mahauta, a wanke tas, a fasa, a zuba ruwa lita 3 ba gishiri ba yaji, wuta can ƙasa awa 6 zuwa 7 har ruwan ya koma rabi. A tace, ya kwana a firij, a kankare kitsen sama sarai. A narkar, a zuba sukari da ruwan lemon tsami da kirfa, a kaɗa farin ƙwai 2 a ciki tun yana da ɗumi, a bari ya taso a hankali ba juyawa. Farin ƙwan zai tattare dattin ya yi kumfa a sama, sai a tace da farin ƙyalle mai tsafta. In an bar kitse ko kaɗan, ƙarnin ƙafa zai biyo shi.

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Allah ya saka da alheri Hajiya, Malam na gode, kai ya waye. Saura batun walima. Kuma ana iya yi da zoɓo maimakon garin kwali?

Anti Ladi, Barnawa

Maman Ilham, ana yi da zoɓo, kuma ya fi na kwali kyau da ɗanɗano, launinsa ja garau ba tare da an sa kala ba. Garin jelatin zalla za ki nema a shagunan kayan kek, na halal kamar yadda Malam ya bayyana.

Awon asali shi ne giram 7, kusan cokalin shayi 2 da rabi, ga ruwa rabin lita. Wannan mai laushi ne na ci a kofi. Zoɓo yana da tsami, tsami kuma yana rage wa jelatin ƙarfi, don haka ki sa giram 10, wato babban cokali 1 a shafe. Ki zuba ruwan sanyi babban cokali 4 a ƙaramin kwano, ki barbaɗa garin a kai, kada ki juye shi wuri ɗaya. Ki bar shi minti 5 ya sha ruwa ya kumbura. In kika zuba busasshen gari kai tsaye a ruwan zafi, wajensa zai yi danƙo ya rufe cikinsa, ki samu gudaji da ba sa narkewa. Na kwali bai buƙatar wannan jiƙon saboda sukarin da ke ciki ya riga ya rarraba ƙwayoyin. Sai ki ɗumama rabin zoɓon da sukari babban cokali 4 zuwa 5 har ya yi zafi amma bai tafasa ba, ki sauke, ki zuba jiƙaƙƙen jelatin ki juya ya ɓace, ki ƙara sauran zoɓon, ki tace da rariya mai laushi. Ki sa zaƙin ya ɗan fi na sha, domin sanyi yana dushe zaƙi.

A kula da abin da Hajiya ta faɗa, don a nan ne masu zoɓo ke faɗawa rami. Citta da ɓawon abarba da aka dafa tare da zoɓon ba su da illa. Amma masu markaɗa ɗanyar citta ko ɗanyar abarba su tace a kai bayan an sauke, nasu ba zai taɓa kamawa ba. Tsamiya ma haka ake yi da ita, giram 10 zuwa 12 gwargwadon tsaminta.

Walima kuwa gaskiya ɗaya ce. Jelatin yana narkewa a wajen digiri 35, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a baki. Kaduna a watan Maris da Afrilu tana kaiwa nan har ta wuce. Tun kafin ya kai ga narkewa ma zai saki jiki ya baje. In dole sai jelatin, ki yi shi a ƙananan kofunan roba masu murfi, ki jera a kula da ƙanƙara a ƙasa, a fito da su daidai lokacin rabo. Kada ki kife babba a tire ki ajiye a rumfa.

Abin da ya dace da garinmu shi ne aga, wanda ake rubutawa agar-agar. Daga ciyawar teku ake yin sa, mutanen Japan suka fara sarrafa shi tun ƙarni na 17, babu dabba a ciki balle shakka. Yana daskarewa a tsakanin digiri 32 da 40, wato ko ba firij zai kama a kan tebur cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85. Ko an wuni ba wuta yana nan a tsaye. Aikinsa kishiyar jelatin ne: shi dole sai ya tafasa. Ga rabin lita, giram 4, kusan cokalin shayi 2. Ki kaɗa garin a rabin ruwan tun yana da sanyi, ki ɗora, ya tafasa minti 2 zuwa 3 kina juyawa. In da zoɓo ne, ki tafasa agan a ruwa zalla, ki sauke, sannan ki zuba zoɓo mai kauri da kika ɗumama, ki kuma ƙara awon zuwa giram 5. Tafasa shi a cikin tsami yana kashe ƙarfinsa, zuba masa ruwa mai sanyi kuma yana sa ya daskare nan take ya yi zare-zare. Ki tanadi mazubi kafin ki sauke, ba ya jira. Gwaji mai sauƙi: ɗiga cokali ɗaya a faranti mai sanyi, cikin minti ɗaya za ki ga ko ya yi. In bai yi ba ki mayar wuta ki ƙara gari, aga yana yarda a sake narkar da shi. Sinadarin abarba da gwanda ba ya cin sa, tunda shi ba furotin ba ne.

Hajiya Mai Kek, Malali

Anti Ladi ta yi gaskiya a kan zafi, amma a faɗa wa Maman Ilham ɗaya gefen. Aga ba ya rawa, ba ya narkewa a baki, gutsurewa yake kamar dafaffen farin ƙwai. Yaran da suka saba da na kwali suna ganewa. In an rage shi zuwa giram 3 yana yin laushi, sai dai ya fi tsatso ruwa. Kuma tunda ba ya narkewa a baki, a yanka wa ƙananan yara shi ƙanana sosai. Rashin narkewarsa kuma bai hana shi lalacewa ba: wanda aka sa wa madara ko 'ya'yan itace kada ya wuce awa 2 a waje.

Ga wanda ya fi ɗaukar ido a taro, mai kama da fasasshen gilashi. Kwali 3 masu launi daban, ja da kore da ruwan lemo. Kowanne ki narkar da shi da tafasasshen ruwa kofi 1 kawai, ba ƙarin ruwan sanyi, don ya yi tauri ya yanku. Kowane launi da farantinsa mai faɗi, awa 4 a firij, sannan ki yanka murabba'i kamar girman sukari mai ƙwaya. Ki gauraya su a hankali a tire mai zurfi da kika shafa wa mai kaɗan. Farin kuma: jelatin zalla giram 14 a jiƙa a ruwan sanyi rabin kofi, a zuba ruwan zafi kofi 1 da rabi, a juya, a ƙara gwangwani 1 na madara mai kauri mai zaƙi, mai giram 397. A nan ake ɓata shi. Sai farin ya huce sarai, ki tsoma yatsa ki ji ba ɗumi ko kaɗan, sannan ki zuba a kan yankakkun. In da sauran ɗumi launukan za su zuba, farin ya koma ruwan ƙasa. Ya kwana a firij, ki yanka da wuƙar da kika tsoma a ruwan ɗumi kika goge.

Mai hawa-hawa ma dokarsa ke nan. Kowane hawa ya yi minti 20 zuwa 30, ya kama amma in kin taɓa yana ɗan manne wa yatsa, sannan ki zuba na gaba a kan bayan cokali. In na ƙasa ya yi tauri sosai, hawan ba za su haɗu ba, wurin yanka za su zame su rabu.

Mai sauƙin kuɗi don buɗa-baki: kwali 1 da ruwan zafi kofi 1, a bari ya huce ya fara kauri. Madarar ruwa ta gwangwani, ƙanana 2, su kwana a firij, a buga su har su yi kumfa su ninka, a zuba jelin a ci gaba da bugawa minti 2, a raba a kofuna, awa 2 zuwa 3 a firij. Madarar da ba ta yi sanyi ba ba ta tashi, kuma in aka haɗa madara da jeli mai zafi tsamin da ke cikin garin zai tsinka ta. Ragowar kek ma ba ya asara: a jera shi a gindin kwano, a zuba jeli mai ɗumi-ɗumi ya jiƙa shi, in ya kama a ɗora kastad mai kauri wanda ya huce. Kastad mai zafi zai narkar da saman jelin ya haɗe da shi.

Jeli zalla a rufe yana kwana 5 zuwa 7 a firij, mai madara ko 'ya'yan itace kwana 2 zuwa 3. A rufe shi da kyau, yana ɗaukar warin albasa da daddawa.